Tabon Bayan Kunne

"Babana ya ce ka zo yau, Auta," in ji budurwarsa, malamar jinya, ta tare ƙofar shagon. "Karo na uku ke nan... in ba ka zo ba, ya ce a bar maganar auren."

Auta mai aski ya ci gaba da zuba almakashi da aska cikin jaka. Yana son malamar jinyar nan kamar ransa, amma shekara huɗu ke nan bai taɓa fashin zuwa ƙarƙashin gada ranar Lahadi ba, inda yake yi wa marasa wurin kwana aski kyauta. Mutane sai sa masa albarka suke yi, shi kuwa ya san ruwa ba ya tsami banza. Yayansa yake nema.

Yayan ne ya koya masa aski. Kansa ya miƙa masa ya koya a kai, har Auta ya yanke shi a bayan kunne, tabo ya zauna kamar lauje. Da taɓin hankali ya kama Yaya, ranar da ya farfasa madubin shago, Auta ne ya tura shi waje ya murza makulli. Yaya bai sake dawowa ba. Shi ya sa duk kan da ya zo hannun Auta sai ya lanƙwasa kunnen dama ya duba.

Ya ce mata ta yi haƙuri, sanyin idonsa. Ta ce haƙurin ya ƙare, yau ƙafarta ƙafarsa, sai ta ga abin da ya fi ta.

Rana tsaka, amma ƙarƙashin gadar sanyi har ƙashi, motoci na gurnani a sama. Wani tsoho mai tari ya zauna a kan bokiti, Auta ya yafa masa tawul. Ita kuma ta tsaya a bayan Auta, ta harɗe hannu.

"Matsa gefe, 'yata," in ji tsohon. "Kin tsaya a wurinsa."

"Wurin wa, Baba?"

"Dogon nan mai tabo a bayan kunne. Kullum nan yake tsayawa in ana aski."

Askar ta suɓuce daga hannun Auta. Ya waiwaya, babu kowa sai ita da ginshiƙin siminti. Tsohon ya ce ai a gindin ginshiƙin nan dogon ya rasu, shekara biyar da suka wuce, su ne suka lulluɓe shi da bargo. Ya ɗauka Auta ya sani, tun da har yau duk Lahadi tare yake ganinsu.

"Yana... yana fushi da ni?"

"Fushi kuma? Hannunka kawai yake kallo. In ka yi daidai sai ya gyaɗa kai."

Auta ya durƙusa yana kuka kamar ransa zai fita. Tsigar jikinta ta tashi, amma ba ta gudu ba. Ta ɗauki askar, ta goge ta, ta sa masa a hannu, sannan ta kira babanta a waya.

"Baba, za mu zo tare, amma sai da yamma. Saura mutum shida."

Ta koma gefen hagu ta riƙe masa madubi, ta bar wa Yaya wurinsa.