Takalmin Baba Genzo a Ƙofar Shago

"Ba zan ba ɗan dare 'yata ba!" Baba Genzo ya dangwarar da kwanon shinkafa har miya ta fantsala. "Mutumin da rana ke fitowa ta tarar da shi yana munshari? Tir!"

'Yar tasa, Chizuru, ta sunkuyar da kai, hawaye na zuba. Tun bara ake wannan dambarwa a kan Noboru, saurayin da take so, mai ɗan shagon gasa kaji a wani lungu na birnin Osaka ta ƙasar Japan. Ƙawayenta sun sha ce mata ta gudu kawai su yi aurensu, ta ce ita ba za ta shiga ɗakin miji da fushin uba a kanta ba.

"Haba Baba! Ko ganinsa fa ba ka taɓa yi ba."

"Na ji labari. Birni in dare ya yi, sai 'yan iska."

Matarsa, Inna Tomiko, ta harare shi. "Ka ji mai labari! Kai da ba ka taɓa wuce tashar garin nan ba? Je ka gano wa idonka mana, in ba tsoro ba."

Duk ƙauyenmu an san Genzo: ka ce masa matsoraci, ka gama da shi. Ya yarda zai je, da sharaɗin kada a gaya wa yaron ko shi wane ne.

Da almuru shi da Chizuru suka isa Osaka. Tabɗijam! Fitilu ja da kore sun haske sama, kiɗa na tashi daga kowace ƙofa, samari na ta kururuwar kiran kwastoma. Tsohon da ya saba kwanciya tare da kaji ya riƙe hannun rigar 'yarsa gam, yana ta rusuna wa duk wanda ya bangaje shi, ba mai ko kallonsa.

A bakin lungu Chizuru ta nuna masa labulen shagon, ta tsaya daga waje.

Akwai ɗan dakalin katako a ƙofar. Da ganin katako, Baba Genzo ya yi abin da ya saba tun yana yaro in zai shiga gida: ya tuɓe takalmi, ya juya bakinsu waje, ya jera su tsaf a gefen hanya, ya taka cikin shagon da safa. Alhali ƙasan siminti ne, duk maiƙo!

Wasu ma'aikatan ofis da ke zaune suka kwashe da dariya. "Kai jama'a, ga baƙo daga gona! Tsoho, ɗakin matarka ka shigo?" Ɗaya har ya zaro waya zai ɗauki hoto.

Kunya ta rufe Genzo, ya rasa gaba ya rasa baya. Ji ya yi kamar ƙasa ta tsage ya shige.

Sai ga saurayin da ke bakin gawayi ya ajiye mafici, ya zagayo, ya cire nasa takalmin ya jera kusa da na tsohon.

"Sannu da zuwa, Baba! Na daɗe ina jiran mai tarbiyyar da zai girmama shagon nan." Ya juya ga masu dariya. "Ku kuma, yau doka ta canza. Mai son tsire na gaba, takalmi waje! Oga, mayar da wayar nan aljihu."

"Siriyos kake, Noboru?"

"Gwada ni ka kwana da yunwa!"

Suka miƙe ɗaya bayan ɗaya, suna ƙunƙuni suna dariya. Kan ka ce me, takalma sun yi layi a lungu. Wani mai babban ciki aka ga safarsa da huji, dariya ta koma kansa. Wanda ya yi tsokanar ya matsa wa tsohon kujera, ya ce, "Yi haƙuri, Baba, bakina ne ba linzami."

Genzo ya ci tsire, ya sha shayi. Can ya share ido da bayan hannu, wai hayaƙi ne.

"Yaro, ka san ni?"

"A'a, Baba."

"To me ya sa ka yi haka?"

"Mahaifina ma mutumin ƙauye ne. Da shi ne ya shigo wani wuri, haka zan so a yi masa."

Tsohon ya ɗaga murya: "Chizuru! Shigo, kin sha sanyi!"

Da ta ɗaga labule, tsinken tsire ya suɓuce daga hannun Noboru. Ya gane ko wane ne tsohon, ya zube a gabansa a simintin nan, goshi a ƙasa. Ita kuwa kuka take, dariya take.

"Tashi, kar ka ɓata wando," in ji Genzo. "Ka zo gida bayan girbi, kai da manyanka. Amma da rana, ka ji ko?"

Shagon ya kaure da tafi.

Da Chizuru ta gudu, da ta sami miji ta rasa uba. Haƙurinta ya haɗa mata su biyun. Iyaye kuma a daina yanke wa mutum hukunci da lokacin da yake fita nema. A duba yadda yake rufa wa baƙon da bai sani ba asiri, domin haka nan zai riƙe 'yar da aka ba shi.