Minsharin Amaryar Tonderai

Ƙarar tsintsiya ce ta tashe ni.

Wata ce take share tsakar gidan da ni ya kamata in share.

Na yunƙura na zauna, kaina kamar an ɗora mini turmi, bakina a bushe ƙamas. Rana ta riga ta shigo ta ƙasan ƙofa. A gefena Tete Mandi, ƙanwar babana da ta rako ni gidan miji, tana ta sharar barci.

"Tete, tashi. Mun makara."

Ta buɗe ido ɗaya, ta ga hasken, ta dafe ƙirji.

"Shuvai, kin kashe ni. Sai da zakara ya yi cara na samu na runtsa. Wannan abu naki ai ba minshari ba ne, injin niƙa ne."

Aikin amarya a safiyarta ta farko bai wuce biyu ba: ta share tsakar gida kafin kowa ya tashi, ta dafa ruwa ta bi dangin miji ɗaya bayan ɗaya su wanke fuska. Tun ina 'yar shekara goma nake jin wannan. Ga ni nan, malamar makaranta daga birnin Gweru, na faɗi jarrabawa tun ba a raba takarda ba.

Da na fito, duk suna zaune. Amai, mahaifiyar mijina Tonderai, tana kan tabarma a bakin madafa, fuskarta ba yabo ba fallasa. Yayarsa Sekai tana tsaye riƙe da ƙugu. Mai tsintsiyar kuwa Netsai ce, ƙawar Sekai, wadda suka yi shekara biyar suna yi wa tanadin Tonderai kafin in ɓullo.

Na durƙusa, na tafa hannu na gaishe su.

"A'a, amaryarmu ta tashi," in ji Sekai. "Kin tashi lafiya? Mu dai ba mu kwana ba. Har shanu sun tsorata, na rantse."

Aka yi dariya ƙasa-ƙasa.

Netsai ta jingine tsintsiyar a gabana, ta ce cikin ladabin da ya fi zagi ciwo, "Na ga rana tana yi ne, na ce bari in rage miki."

Na nemi idon Tonderai. Yana can bakin garke da kawunsa, yana kallon ƙasa.

Bari in faɗi gaskiya, minsharin nan ba na jiya ba ne. Shekara huɗu da suka wuce na yi barci a tsaye a gaban allo, da alli a hannuna, yara suna kallo. Likita ya kwantar da ni dare ɗaya da wayoyi a jikina, da safe ya ce maƙogwarona yana rufewa in na yi barci, numfashina yana ɗaukewa sau arba'in da wani abu a cikin awa ɗaya. Ya haɗa ni da wata 'yar na'ura, ba ta kai rediyon kicin girma ba, da tiyo da abin rufe hanci. Iska take turawa a hankali don hanyar ta zauna a buɗe. Daren farko da na saka ta, na tashi da safe na zauna ina kuka, don na manta haka mutane suke tashi.

Amma ban taɓa gaya wa Tonderai ba.

Shekara uku muna tare, yana zuwa daga garejinsa da baƙin mai a farce, yana kirana "tauraruwata". Ta ina zan fara? In ce masa tauraruwarka tana kwana da tiyo a hanci kamar giwa? Kullum sai in ce gobe. Da aka kai shanun aure, Tete Mandi ta ja ni gefe.

"Abin nan naki, kada ki kuskura ido ya gan shi a Gutu, wurin dangin mijinki. Za su ce mun karɓi shanu mun ba su majinyaciya. Kwana uku ne kawai, ki daure."

Na naɗe ta a cikin zannuwa, na tura ƙasan akwati. Ko da ma na so sakawa, ƙauyen ba wuta.

Ranar da na makara ɗin nan na yi aiki kamar jaka don in wanke kaina. Na ɗebo ruwa, na tuƙa sadza, tuwon masara, na mutum ashirin, na fige kaji. Idona yana rufewa ina buɗe shi da ƙarfi. Da azahar, ina zaune gaban murhu da muciya a hannu, sai kawai na ji ana fisgar zanena. Gefensa ya kama wuta. Amai ce ta take shi da ƙafa.

Na gaji. Gajiyar da ba ta barin mutum ko kunya ya ji yadda ya kamata.

Da yamma matan gida suka buɗe akwatina don ganin kayan amarya. Ina can ina wanke tukwane na ji muryar Sekai.

"Ku zo ku gani!"

Ta fito tsakar gida tana jan tiyon a ƙasa, abin rufe hancin yana reto a ɗan yatsanta.

"Kayan asibiti ne wannan. Irinsa aka saka wa mijin maƙwabciyarmu kwana biyu kafin ya cika. Amai, sun ɓoye mana ciwo. Shanu takwas muka kora, aka kawo mana gawa da lulluɓi."

"Tete Sekai, don Allah ɗaga shi daga ƙasa," na ce, don a wurinmu yayar miji ma Tete ake kiranta. "Hancina yake shiga."

Abin da kawai na iya faɗa ke nan.

Aka ce za a zauna bayan cin abinci. Tete Mandi ta shige ɗaki tana ta sambatu. Ni kuwa na bi Tonderai bayan garke, inda ya ajiye tsohuwar motarsa.

"Tonde..."

"Tun yaushe?"

"Shekara huɗu."

Ya yi wata 'yar dariya marar daɗi.

"Ranar da kika yi barci a coci a kafaɗata, na ɗauka so ne."

"Wutar unguwarmu aka ɗauke kwana biyu, ban samu na saka ba."

"Shuvai, ni fa na gaya miki komai. Har bikin da na fasa da Netsai, har kukan da na yi da Baba ya rasu. Ke kuma kina kwana kina shaƙewa, ni ina can ina aiko miki da saƙon 'barci mai daɗi'."

"Tsoro na ji."

"Tsoron me?"

"Kada ka gan ni da shi a fuska ka daina kirana abin da kake kirana."

Ya daɗe yana kallona. Idonsa ya yi ja.

"Mutuwa za ki yi?"

"In ina sakawa, a'a. Lafiyata ƙalau."

"In ba kya sakawa fa?"

Na kawar da kai.

"Amma kika zo nan za ki kwana uku babu shi, saboda kada 'yan'uwana su yi magana." Ya buga tafin hannu a kan motar. "Wannan ne ya fi ƙona mini rai."

Ya juya ya tafi. Na tsaya nan da warin kashin shanu, ko ƙarfin bin sa ba ni da shi.

Aka taru a madafa, maza a kan dakali, mata a ƙasa. Na'urar tana tsakiya kamar ɓarawon da aka kamo. Sekai ta yi magana ta yi magana: a mayar da ni, a dawo da shanu, ga 'ya'yan mutane masu lafiya da suka san tsintsiya. Netsai tana bakin ƙofa, wai ta kawo itace. Tete Mandi ta tafa hannu tana ba da haƙuri, tana cewa laifinta ne, wanda kuma gaskiya ne, rabinsa.

Amai ba ta kalli kowa ba. Na'urar take kallo.

"Yarinya," ta ce, "jiya na zo ƙofarku."

Na ɗago na dube ta.

"Ba ƙarar ce ta fito da ni ba. Shirun ne. Ki yi ta ja, ki yi ta ja, sai ɗif. In ƙirga har ashirin. Sannan ki fisgo numfashi kamar wadda aka tsamo daga rijiya." Ta gyara zama. "Na san wannan shirun. Shekara talatin da ɗaya na kwana kusa da shi."

Sannan ta ci gaba.

"Babansu haka yake. Kowa dariya yake masa, har ku 'ya'yansa. Ni ba na dariya. In ya yi shiru sai in zungure shi da gwiwar hannu, ya ja numfashi, ya juya. Dare nawa, ban sani ba. Ranar nan mun wuni muna girbin masara, na gaji. Na yi barci." Ta tsaya. "Ban zungure shi ba."

"Amai, ciwon zuciya ne, an faɗa a asibiti," in ji Sekai, muryarta ta sauka.

"Na ji abin da suka faɗa." Ta nuna na'urar da haɓa. "Wannan abin, shi yake zungurar ki?"

"Ba ya ma bari in yi shirun, Amai."

"Tun yaushe ake yin irinsa?"

"Da daɗewa."

Ta rufe ido. Na ga hawaye ya biyo gefen hancinta, ba ta share ba. A lokacin na daina jin tausayin kaina, nata na ji.

"To me ya hana ki sakawa jiya?"

"Kunya... kuma babu wuta."

Ban ankara Tonderai ya fita ba sai da ya dawo, rungume da batirin motarsa a ƙirji, rigar bikinsa duk ta ɓaci. Ya dire shi a tsakiya. Ya koma ɗakin Sekai ya ciro ɗan akwatin sola da take cajin waya da shi.

"Kai, wayata fa?"

"Ta kwana da yunwa," ya ce.

Ya durƙusa yana haɗa wayoyi, bai kalle ni ba. Da ya gama ya danna, na'urar ta fara hucinta a hankali. Ya ɗauki abin rufe hancin, ya kakkaɓe ƙasar da Sekai ta ja masa, ya wanke da ruwan ɗumi, ya goge da gefen rigarsa.

"Nuna mini yadda ake ɗaurawa."

"A nan? Gaban kowa?"

"Kowa ya ji minsharinki, tauraruwata. Saura su ga maganinsa."

Na ɗora shi a fuskata. Shi ya ja igiyar ta bayan kaina, ya gyara mini gashi don kada ta kama. Ya matsa baya ya dube ni da kyau.

"Kin yi kama da giwa," ya ce. "Kuma har yanzu fushi nake. Amma ba inda za ki."

Da na waiga bakin ƙofa, itacen yana nan, Netsai ba ta nan.

Washegari na riga zakara tashi. Kaina wasai. Na share tsakar gidan nan tun daga garke har bakin hanya, har da inda Netsai ta tsallake. Na dafa ruwa, na bi su ɗaya bayan ɗaya da kwano da tawul. Sekai ta wanke fuska, sai da zan tashi ta ce ruwan ya yi zafi da yawa. Na ce na gode.

Can bayan garke ana ta ihu, kawunnai uku suna tura motar Tonderai, don batirin ya mutu murus.

Amai na kai wa a ƙarshe, don ita ta ce a bar ta sai ƙarshe. Ta wanke fuska, ta kama haɓata, ta shafa shatin da igiyar ta bari a kumatuna.

"Jiya ma na zo ƙofarku," ta ce. "Ban ji komai ba. Na kasa komawa, na tura ƙofar. Na tarar da mijinki zaune a ƙasa, ya zuba wa ƙirjinki ido. Na ce masa ya kwanta, ya ƙi. Sai na zauna kusa da shi."

"Har yaushe, Amai?"

"Har muka gaji da ƙirga." Ta miƙo mini tawul ɗin. "Daga nan na koma ɗakina na yi barci. Rabona da irinsa tun kafin a haifi Sekai."

Na ɗauki kwanon zan tashi, ta riƙe mini hannu.

"In kun koma Gweru, ki kai shi wurin likitan nan naki. Ya fara irin na babansa."