Fuskar da Ke Ƙarƙashin Takardu

Magariba ta kawo jiki, amma Maman Auta ba ta tashi daga teburin zanenta ba, ba ta kuma kunna fitila ba. Ɗakin aikin nata ƙarami ne, a ƙarshen gidan da suke haya a bene, taga ɗaya gare shi, ita ma a rufe take saboda kada iska ta watsa mata takardu.

Zane ne sana'arta. Ita ta yi hotunan wani littafi na labarin mutanen ɓoye, littafin ya karɓu, har masu fim suka ce za su mai da shi fim. Suka nemi ta fitar musu da kamannin kowa kafin a ɗinka kaya, a fara yi wa 'yan wasa kwalliya. Duk abin da ta aika sun karɓa, ban da sarauniyar aljanun.

Wannan fuskar ba daga kanta ta ƙago ta ba. A bangon da ke gaban teburin akwai tabon danshi, inda famfon mutanen sama ya taɓa yoyo. Wata rana da yamma ta ɗaga kai, sai ta ga fuska a cikin tabon: doguwa, mai nauyin fatar ido, a natse kamar ta mai jiran baƙo. Ta kwafe ta yadda ta gan ta. Ba ta taɓa yin zanen da ya kai shi ba.

"Hajiya, wannan ai kakar wani ce," in ji daraktan a waya, yana dariya. "In ta fito a fim, 'yan kallo gaishe ta za su yi. Tsoro muke so. Ki sa mata ƙaho."

Ita ba ta taɓa asalin zane in an ce a gyara. Takarda mai shara-shara take ɗorawa a kai, ta zana gyaran a jikinta. Ta ɗora takardar ƙaho. Ya ce a ƙara, ta ɗora ta tsagaggiyar fata. A wannan yammacin tana kan ta haƙora, tana danna fensir da haushi, sai dutse ya faɗo a tsakiyar teburin.

Ƙarami ne, baƙi, a jiƙe. Ta dubi tagar, ta dubi rufin ɗakin. Babu ta inda zai shigo.

Sai ga Auta, 'yarta ɗaya tilo, ta turo ƙofa da littafin lissafi a hannu. "Mama, wannan na bakwai ɗin ya ƙi..." Ta ɗago kai ta kalli uwarta. Littafin ya faɗi. Ihun da yarinyar ta yi, sai da maƙwabta suka fito.

Da farko Baban Auta wasa ya mai da abin. "Ke da aljanunki na takarda, kin tsorata min 'ya. Ki riƙa kifa su in kin gama." Amma kwanaki suka yi ta tafiya, wasan ya ƙare a bakinsa. Likita ya duba yarinyar ya ce ba zazzaɓi, ba komai. Tana cin abinci a hannun babanta, tana hira da matar maƙwabcinsu, tana zuwa makaranta. Uwarta ce kawai ba ta iya kallo. Da ta hango ta, sai ta shige bayan labule tana kyarma.

Maman Auta ta koma yi mata magana ta bayan ƙofa. Wata safiya tana ce mata kada ta manta da rigar sanyi, sai ta ji yarinyar ta rage murya ta ce, "Baba, abin nan har muryar Mama ya sace."

Maman Auta ta zame ta zauna a ƙasa, ta toshe bakinta da gyale.

Duwatsun ba su daina ba. Da rana ta faɗi suke zuwa, ɗaya bayan ɗaya, kuma kullum a kan teburin. Bayansu sai wani kuka siriri ya taso daga cikin bangon, kukan yaron da ya gaji amma ya kasa yin shiru. Mutanen sama ba su da yara.

Baban Auta ya nemo wani malami, dattijo mai sanyin magana. Ya zo da yamma, ya zaga gidan a hankali, da ya kai ƙofar ɗakin aikin sai ya tsaya. Ya ce a nan za a zauna. Uban ya riƙe Auta a cinyarsa, uwar ta tsaya a kusurwa ta rufe fuskarta da gyale. Malam ya fara karatu. Hasken taga yana ja baya, ɗakin yana ƙara sanyi, har warin danshi ya cika hanci. Can sai yarinyar ta miƙe zaune, ta naɗe hannuwa a cinya irin na tsofaffi.

"Ya isa, Malam. Ga ni." Muryar mace ce babba, a dishe.

"Me ya kawo ki gidan mutane?"

"Su suka same ni. Tun kafin a shafa wa bangon nan fenti nake nan, ban taɓa ɗauke musu ko cokali ba."

"To me aka yi miki?"

Kan yarinyar ya juya kusurwa. "Tambayi mai fensir. Da ta zana ni ban ce uffan ba. Daɗi ma na ji, don madubi ba ya ɗaukar irinmu, a hannunta na fara ganin fuskata. Sai ta soma ɗora min takardu. Na wayi gari da ƙaho. Na wayi gari fatata ta tsage. Ni ma ina da 'ya, Malam. Kukan da kuke ji nata ne. Guduna take yi, ta ƙi cin komai daga hannuna." Muryar ta karye, sannan ta yi ƙarfi. "Na ce bari ita ma ta ɗanɗana."

Malam ya dubi yarinyar. "An cuce ki," ya ce, "ko da ba da sani ba. Amma yarinyar nan ba ta riƙe fensir ba. Faɗi abin da zai fitar da ke."

"Hannun damanta. Ya bushe, kada ya sake zana kowa."

"A'a. Ba ki da iko da shi, ni ma ba ni da shi. In kin tsaya a kan haka, zan ci gaba da karatu har sai ɗayanmu ya gaji."

Kukan cikin bangon ya taso, ya lafa.

"To a mayar min da fuskata."

Maman Auta ta yi wuf ta kama takardun za ta yage. Yarinyar ta daka tsawa. "Ke! So kike ki yaga ni? Gogewa za ki yi, yadda kika zana."

Maman Auta ta zauna. Ba ta iya aiki da gyale a fuska, dole ta cire shi, ta juya wa 'yarta baya. Baban Auta ya kunna mata fitilar tebur. Ta fara da haƙoran, tana gogewa a hankali, tana hure ƙurar. Ta ɗage takardar, ta koma kan fata, ta bi kowace tsaga har ta ɓace. Ƙahon ya fi ba ta wahala, don ta cika shi da baƙi. Wuyanta ya sage, yatsunta suka yi baƙi ƙirin. Da ta ɗage takardar ƙarshe, sai ga fuskar nan, doguwa, a natse.

Amma a gefen bakin akwai shaida. Ranar da ta danna fensir da haushi, tsinin ya ratsa takardun ya bar kwarmi a jikin asalin zanen, daga kusurwar leɓe zuwa haɓa.

"Saura wannan," in ji muryar.

"Ba ya goguwa," Maman Auta ta ce. "Ba baƙin fensir ba ne, takardar ce ta ji ciwo. Amma zan iya mai da shi layin tsufa. Irin wanda kowace uwa take da shi."

Kan yarinyar ya karkato wajen zanen.

"Tsufa na yarda. Amma ba ni kaɗai ba, har da ke."

Malam ya buɗe baki zai yi magana, Maman Auta ta riga shi. "Na yarda."

Ta ɗauki fensir mafi laushi, ta bi kwarmin da inuwa kaɗan, ta shafa da ɗan yatsa. Kafin ta ɗaga hannu kukan cikin bangon ya tsaya, kamar an ɗauki mai yin sa an rungume.

Malam ya sa aljanar ta yi rantsuwa ba za ta sake taɓa yarinyar ba. Ita kuma ta ce zanen nata ne, a kife shi a jikin bango, kada wata 'yar wasa ta sa fuskarta. Maman Auta ta kife shi da hannunta, tana sane da cewa masu fim sai dai su nemi wata sarauniyar. Auta ta yi atishawa mai ƙarfi, ta sulale a ƙirjin babanta.

Da ta farfaɗo, ruwa ta fara nema. Uban ya miƙo hannu zai karɓi kofin, Malam ya girgiza masa kai. Maman Auta ta durƙusa a gaban 'yarta, ta miƙa mata kofin, ta kasa ɗago ido.

Yarinyar ta shanye ruwan. Ta daɗe tana kallon uwarta. Sannan ta miƙa ɗan yatsa ta taɓa gefen bakin uwar, ta bi shi a hankali har haɓa.

"Mama, me ya same ki a nan?"

"Tsufa ne, Auta," ta ce. "Zo nan."