Jan Biro a Littafin Injiniya

"Ya ce in ba ki wannan."

Mai ɗinkin da ke zama a bencin gaba ce ta ajiye littafin a kan teburina, saura minti biyar mu fara darasi. Ko cikin ɗari zan gane shi, bangonsa duk tabon baƙin mai.

"Shi yana ina?"

"Au, ba ki sani ba? Ai ya tafi tun jiya, Malama. Kamfanin gina hanya ne suka ɗauke shi, can ƙarshen ƙasa."

Ta wani sunkuyar da kai, wai ita mai tausayi. Ni kuwa na san tun farkon zango take ajiye masa wuri kusa da ita.



Turanci nake koyarwa a ajin manya, ƙarfe huɗu zuwa shida. Shi bakanike ne, 'yan aji suka laƙaba masa Injiniya don tsokana, sunan ya bi shi. Wata takwas da suka wuce ya shigo yana ɓoye hannuwansa a ƙarƙashin benci saboda farcensa. Ranar da motata ta mutu a ƙofar makaranta shi ya tashe ta, ya ɗago yana murmushi ya ce, "Malamata, ita ma so take a riƙa sauraronta."

Tun daga ranar zuciyata ta daina jin maganata.

Yaya, babban wana da ke riƙe da gidanmu tun rasuwar Baba, bai tsaya wani kwana-kwana ba.

"Duk karatun nan naki a gareji zai ƙare? Mutumin da ko takardar asibiti sai an karanta masa?"

"Yaya, ka ba ni lokaci, zan gyara shi."

Haka na ce, zan gyara shi, kamar wata tsohuwar kujera. Yaya ya hana shi zuwa gidan, ya hana mu waya, aji kaɗai ya rage mana. Ni kuma na ɗaura ɗamarar sai Turancinsa ya kai yadda Yaya zai ji kunya. Ba littafin da ke shan jan biro kamar nasa, kuma a zatona so ne nake nunawa.

Ranar Litinin na rubuta break down a allo. Na ce musu ana faɗinsa in mota ta mutu, ana faɗinsa in magana ta watse tsakanin mutane, haka in mutum ya kasa daurewa ya fashe da kuka. In kuma aka haɗe kalmomin suka zama breakdown, ya koma suna.

"Ta farkon ce abincina," in ji Injiniya. Aji ya yi dariya, shi bai yi ba.

Na ba su aikin gida, jimla biyar kowa.

Duk malamin da ya taɓa duba littafi arba'in cikin rabin awa ya san yadda abin yake. Ba karantawa muke yi ba. Ido yana tsalle ne ya dira kan kalmar da aka koyar, in daidai ce ka ja alama, in ba daidai ba ka gyara, ka jawo na gaba. Haka na yi ranar Talata a ofishin malamai, na raba musu kafin a tashi.

Yanzu ga littafin a gabana. Na buɗe shafin ƙarshe, karo na farko na karanta abin da ya rubuta da guntun Turancinsa.

Mota ta mutu, na gyara ta.

Magana ta watse tsakanina da yayanki, wannan na kasa gyarawa.

Jiya na fashe da kuka a ƙarƙashin mota, ba wanda ya gani.

Kamfani na neman mai kula da motocinsu in sun lalace, Laraba za su tafi.

In kin ce in zauna, zan zauna.

Ta biyar ɗin babu kalmar darasi a cikinta. Na ja mata dogon layi tun daga farko har ƙarshe, a gefe kuma ga rubutuna: Ba a tambaye ka wannan ba.

Ban san lokacin da na bar ajin ba. A bayan ginin, kusa da famfo, na danna lambar da Yaya ya sa na goge, ita kuwa tana nan daram a kaina.

Ya daɗe bai ɗauka ba.

"Malama."

Ba Malamata ba.

"Injiniya... wallahi ban karanta ba. Ban gani ba, masoyina, sai yanzu na gani. Ka dawo, na ce ka zauna!"

Ina jin ƙarar manyan motoci a bayansa.

"Na sa hannu a takardar aikin, shekara uku ne."

"Mai ɗinki ce ta zuga ka, ko?"

"Ta dai leƙa ta ce ai ga amsarka nan. Amma ba ita ta ja layin ba."

"Kuskure ne, sau ɗaya tak..."

Da ya yi magana babu faɗa a muryarsa, kuma da faɗan ya yi min da ya fi min sauƙi.

"Ki duba baya, Malama. Tunda aka hana mu waya a littafin nan nake miki magana. Kullum in karɓi littafin, in ce yau za ta amsa."

"Don Allah, abin ƙaunata..."

"Yayanki sau ɗaya ya ce ban kai ba, ban ji zafi ba, bai san ni ba. Ke kin san ni, kuma duk sati sai kin rubuta min. Na gaji ne. Allah ya haɗa ki da wanda ba ya buƙatar gyara."

Ya kashe.

Na zauna a kan dakalin famfon na fara juya shafukan baya.

A wani shafi ya ce ya wanke hannunsa sau bakwai kafin ya zo, ko zan lura. Na gyara masa harafi biyu. A wani ya ce mahaifiyarsa na kwance asibiti, yana jin tsoro. Na rubuta masa ya kula da babban baƙi a farkon jimla. Akwai inda ya tambaye ni wane launi nake so a ɗakinmu, na ba shi uku bisa biyar.

Kuka nake, ina ta juyawa, ina neman shafi ɗaya, ɗaya kawai, inda na amsa masa ko da kalma guda, in ɗauki hotonsa in tura masa.

Na kai har bangon farko ban samu ba.