Tsakuwar Magariba

Magariba ta kawo jiki lokacin da Mai Inji ya shigo gida, fari fat da ƙurar dutse har gashin ido. Shekara goma sha bakwai ke nan yana aiki a wani kamfani, kan injin da ke niƙa farin dutsen da ake yin siminti da shi. Yana zaune yana kwance takalmin aiki, matarsa na cika masa buta, sai wani abu ya faɗo kan kwanon rufi. Sai wani ya biyo baya, sai wani, kamar ƙanƙara.

Ya fita yana zagin 'ya'yan maƙwabta, ya tarar da layin wayam. Ya tsinci ɗaya a ƙasa. Tsakuwa ce fara mai ɗumi, daidai girman da rariyar injinsa ke fitarwa, alhali tsakanin gidan da kamfani tafiyar awa guda ce a mota. Ya jefa ta aljihu, ya koma ciki.

Kwana shida ana jifan nan duk faɗuwar rana. Maƙwabta suka daina amsa musu gaisuwa. Matarsa ta ce shi ya kwaso musu masifa, ya ce in ta gaji ƙofa a buɗe take. A rana ta bakwai 'yarsu ta fari, mai koyon ɗinki, ta tashi daga kan keke, ta zauna a tsakar gida tana tauna tsakuwa har jini ya cika mata baki. Maza uku suka kasa ɗaga ta.

Aka kira wani tsohon malami. Ya zauna kusa da ita yana karatu a hankali, har inuwar katanga ta rufe su. Can yarinyar ta ɗago, ta kafe ubanta da ido, muryar wata tsohuwa ta fito daga bakinta.

"Kai ne mai danna maɓallin."

Mai Inji ya yi ta rantsuwa cewa masu nakiya ne ke fasa dutse, shi abin da aka zuba masa kawai yake niƙawa.

"Su ɗakina suka rushe. Kai 'ya'yana biyu ka mayar gari."

Tsohuwar ta ce za ta tafi da yarinyar a matsayin fansa. Malam ya ɗaga murya da karatu har yarinyar ta fara birgima. Tsohuwar ta sassauto, ta nemi hannun uban na dama. Malam ya ce ko farce ba za ta samu ba. Ta daɗe tana huci, sannan ta ce akwai wani falalen dutse mai jan zane a cikin tulin da za a niƙa gobe, autanta na laɓe a ciki. A fitar mata da shi, ta tafi.

"Na ɗauki alkawari," in ji Mai Inji.

Yarinyar ta yi atishawa, ta sulale.

Washegari ya hango dutsen yana tahowa kan bel ɗin da ke kai duwatsu bakin inji, ya kashe injin ana tsaka da aiki. Shugaban sashe ya zo yana kumfar baki, ya kira shi mahaukaci a gaban kowa. Mai Inji ya mirgina dutsen har bayan shinge. Kafin azahar takardar kora na hannunsa.

Jifa ya tsaya, yarinyar ta warke. Bayan wata guda yana yawon neman aiki ya haɗu da malamin, ya tare shi cikin ɗacin rai, ya tambaya ko gaskiya tsohuwar ta faɗa.

Malam ya gyara riƙon sandarsa. "Aljani maƙaryaci ne. Amma maƙaryaci ma yana haihuwa."