Likita Ya Ce Sai Addu'a

"Wallahi ba za a ɗaura ba!" in ji Gwaggo Huseina, tana buga mafici a tabarma. "Likita da bakinsa ya ce sai addu'a. To me ya rage?"

Bintu na bakin murhu a gidansu na Yalwawa, hawaye shaɓe-shaɓe, ba kuwa na hayaƙi ba. Ana gab da bikinta da Abdulhakim, malamin sakandare, ya tafi Umra da yayansa Isah, can ɓarin jikinsa ya shanye. Jini ne ya daskare ya toshe jijiyar ƙwaƙwalwa. Likitoci a Jidda suka zura siririyar waya ta jijiyar cinya suka zaro gudan jinin. An dawo da shi Dutse a keken guragu, baki a karkace, ba magana.

Mahaifin Bintu, Malam Ubaidullahi mai makarantar allo, ya ci gaba da jan carbinsa. Ya san halin yayarsa, ba a ja da ita.

Ai kuwa Bintu ba kanwar lasa ba ce! Washegari da Isah ya zo gaisuwa, ta tare shi a zaure gaban kowa.

"Yaya Isah, don Allah me likitan ya ce? Daga farko."

Ya sosa ƙeya. "To... ya ce yaro ne, an kai shi da wuri, kuma hoton kai ya nuna inda ya lalace kaɗan ne. Yana sa ran zai taka. Magana ce bai da tabbas, sai an yi ta yi masa firaktis ɗin furta kalmomi. Sannan ya ce mu haɗa da addu'a."

"Shi ne ka zo ka ce mana sai addu'a?"

"Wallahi ƙarshen na riƙe!"

Kai, Isah! Ya manta a ƙasar nan in aka ce sai addu'a, an fara neman likkafani ke nan.

Gwaggo ta taɓe baki. "Likita ya zama ɗan duba? A zamanin shari'a?"

"Ba duba ba ne, Yaya," in ji Malam. "Manomi ma yana ganin hadari ya ce za a yi ruwa. Za mu jira."

Bintu ta samo rikoda, ta riƙa ɗaukar muryarta a kaset, kalma-kalma, daga "ruwa" har Fatiha, tana aika wa Abdulhakim. Ƙawaye suka yi ta tsiya: "Ke da an gama biki, sai zaman nas!" Gwaggo har ta kawo zancen wani ɗan kasuwar Buji. Bintu ta sha kuka, amma ba ta fasa ba.

Bayan damina, wata Juma'a, Gwaggo na zaune ita kaɗai a tsakar gida, sai ta ji ƙwas-ƙwas na sanda a zaure.

"As... salamu... alaikum."

Abdulhakim ne, tsaye da ƙafarsa! Gwaggo ta daskare.

Malam ya leƙo daga ɗaki, fuska cike da alfahari. "Yaya, amsa sallama wajibi ce fa."

"Wa alaikumus salam, ɗan nan," ta ce. "Bintu! Kawo wa mijinki tabarma!"

Bintu ta fito kai a sama, tana dariya tana kuka.

Mai haƙuri shi kan dafa dutse. Kuma kafin a yanke hukunci a kan rayuwar mutum, a ji magana tun daga farkonta, ba wutsiyarta kaɗai ba.