Ranar da Aka Zo Wa Asta Gaisuwar Mutuwarta

Tun safe ake zabga ruwa a Dilimi, irin ruwan Jos mai shiga ƙashi, amma Jummare tana durƙushe a tsakar gida tana wankin kayan mutum tara, yatsunta sun ƙandare. Allah sarki marainiya! Shekararta sha shida. Mahaifinta ya rasu tana goye, bara kuma Innarta ta bi shi, shi ne ƙanen mahaifin, Baba Uzairu mai fataucin shanu, ya ɗauko ta. Shi ba mazauni ba ne, sai gidan ya zama na matarsa Goggo Asta da 'yarsu Hassana. Wata biyu da zuwanta Asta ta cire ta daga makaranta, wai aiki ya yi yawa.

Abu ɗaya ya rage mata a duniya, wani littafin rubutu mai jan bango. A ciki take zuba duk abin da ta tuna na Innarta: yadda take ɗumama mata ruwan alwala, ƙwaryar nononta da ta tsage ta ɗinke da zare, da ranar Talatar da ta cika tana riƙe da hannunta. Wata rana ta karanta wa matan maƙwabta shafi guda, suka yi ta sharar hawaye suna sa mata albarka. To, nan fa wuta ta kama! Hassana ta shige ɗaki tana huci.

"Inna, kin ji su? Wai Jummare ce mai basira. Ni da nake aji shida ba wanda ya taɓa yaba ni!"

"Bar ni da ita," in ji Asta. "'Yar riƙo ba za ta fi 'yata ba, wallahi."

Ana haka wani gidan rediyo ya yi shela, a aiko da labarin rayuwa, wanda ya fi taɓa zuciya za a ɗauki nauyin karatun mai shi. Asta ba ta iya karatun boko ba, ba ta ma tambayi me ke cikin littafin ba. Ta dai zaro shi daga ƙarƙashin tabarmar Jummare ta ce wa 'yarta, "Kwafe, ki sa sunanki." Da aka gama kwafa kuma ta hura wutar tuwo da shi, don kada a ga shaida. Jummare ta tarar da guntun jan bangon a cikin toka, ta zube a bakin murhu.

"Goggo, me na yi miki? Innata ce a ciki... yau kin sake binne min ita!"

Mari ta samu, har biyu. Ta ɗaga ido sama kawai ta ce, "Allah, kana gani."

Ranar Juma'a da la'asar tana shanya, sai ta jiyo rediyon telan ƙofar gida. Mai gabatarwa, Madam Suzana, tana karanta labarin da ya ci gasar: "Daga Hassana Uzairu, Dilimi: Ranar da Innata ta rasu..." Kalma bayan kalma, nata ne! Jummare ta toshe baki da mayafi tana kuka, a ɗaki kuwa Asta da Hassana guɗa suke yi, don da jin sunan ba su saurari sauran ba.

Abin da suka manta shi ne dangin Asta makiyaya ne a rugar bayan Kuru, inda waya ba ta shiga sosai, amma rediyo ba ya barin kafaɗar kowa. Washegari da hantsi sai ga mota cike da mutane a ƙofar gida, mata na salati, an sauke buhun masara da ƙoren nono na gaisuwar mutuwa. Kawu Muktar, yayan Asta, ya shimfiɗa tabarma a zaure idonsa jajur, 'yan unguwa suka fara taruwa ana ɗaga hannu ana fatiha. Sai ga Asta ta fito da ludayi a hannu tana faɗa, "Wai hayaniyar me ce?"

Innalillahi! Mata suka watse da gudu, wata tsohuwa ta faɗi zaune.

"Asta! Ke ce?" in ji Kawu Muktar. "To wa ya mutu? Da kunnena na ji 'yarki ta gaya wa duniya kin cika ranar Talata!"

Aka jawo Hassana. Ta yi ta rantse-rantse wai ita ta ƙirƙiri labarin, har Kawu ya ce, "Shi ke nan. Ƙwaryar da aka ɗinke da zare, ta wace ce?" Hassana ta juya tana kallon uwarta. Daga bayan taro wata siririyar murya ta ce, "Ta Innata ce, Kawu. Zaren baƙi ne, daga gefen zaninta ta zare shi." Jummare ta ci gaba daga inda rediyon ya tsaya, tana faɗa da ka, hawaye na bin kumatunta, har ta kai inda Innarta ta ce, "Ki yi haƙuri da mutane, ni na gama nawa." Babu wanda bai yi kuka ba a zauren nan. Hassana ta fashe da ihu, "Inna ce ta sa ni!"

Baba Uzairu ya dawo ya tarar da abin kunya, ya ɗauki Jummare da kansa zuwa gidan rediyon. Aka soke sunan Hassana, aka mai da Jummare makaranta, Madam Suzana ta ba ta sabon littafi. Asta kuwa, har yau a Dilimi ba a kiranta sai Marigayiya, ko gidan biki ba ta iya shiga.

Juma'ar da ta zagayo aka zaunar da Jummare gaban makirufo. Ta share ido, ta buɗe shafin farko da ta sake rubutawa.

"Sunana Jummare," ta ce. "Sunan Innata Halimatussa'adiya. Don Allah duk mai ji na, ya yi mata addu'a."